Jinyar gida bayan aikin saukar mahaifa: yadda za a kiyaye ɗinkin har ya kama

Matar da aka yi wa aikin saukar mahaifa, wato aikin gyara mahaifa ko mafitsara ko hanjin da ya sauko ya turo ta farji, takan bar asibiti bayan kwana biyu ko uku tana takawa da ƙafarta, kuma idan ta gaba aka yi aikin ba tare da an tsaga ciki ba, babu wani rauni da ido zai gani a jikinta. Wannan rashin ganin raunin shi ne abin da ya fi yaudarar ita mai jinyar da mutanen gidanta, domin da zarar zafin kwanakin farko ya lafa sai kowa ya ɗauka an gama, alhali naman da aka ɗinke a ciki yana bukatar kamar mako shida kafin ya haɗe, kuma ƙarfinsa yana ci gaba da ƙaruwa har wajen wata uku. A shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin mata, abin da na fi ganin yana warware ɗinki shi ne aikin gida da aka koma wa da wuri, sai kuma kunyar faɗin abin da ke damun mace. Saboda haka nake rubuta wannan bayani ga ke da aka yi wa aikin, da kuma duk wanda zai tsaya a kanki, a Garwa kike ko a Marwa, a Kusseri ko a hayin kogi a Njamena.

Yana da kyau ki fara sanin abin da aka gyara, domin wanda ya san inda ɗinki yake ya fi iya kiyaye shi. Mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji suna zaune ne a kan tsokoki da jijiyoyin ƙasan ƙugu, kamar yadda ƙwaryar nono take zaune a cikin ragaya. Haihuwa da yawa kusa da kusa, doguwar naƙuda, babban jariri, shekarun ɗaukar kaya masu nauyi, tarin da ya daɗe, yunƙurin bayan gida, da raunin da nama yake yi bayan al'ada ta ɗauke, duk suna sassauta igiyoyin wannan ragaya har abin da ke cikinta ya sauko ya turo ta farji. Wata mafitsara ce take turowa ta bangon gaba, wata hanji ne ta bangon baya, wata kuwa mahaifar ce kanta take zazzagowa har ta leƙo waje. Likita yakan ɗinke bangon da ya saki, ko ya cire mahaifar ta gaba, ko ya ɗaure saman farji a jikin wata jijiya mai ƙarfi da ke can cikin ƙugu, ko ya bi ta ciki ya rataye shi da raga a jikin ƙashin baya. Ga tsohuwar da ta daina kwanciyar aure kuma jikinta ba zai ɗauki dogon aiki ba, akwai wanda ake rufe hanyar gaba ɗaya a bar wajen fitsari kawai.

Kada ki yarda ki bar asibiti ba ki san wanne daga cikin waɗannan aka yi miki ba. Ki tambaya ko an cire mahaifa, ko an taɓa ma'ajiyar ƙwai, ko an saka raga, sannan ki roƙi a rubuta miki sunan aikin da ranar dawowa a cikin ɗan littafin nan na asibiti da muke kira karne. Maganar raga tana da muhimmanci ki sani, domin a shekarar 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da irin ragar da ake sakawa ta farji don gyaran wannan lalura saboda matsalolin da ta jawo wa mata, ko da yake wadda ake sakawa ta ciki har yanzu ana amfani da ita. Duk likitan da zai duba ki nan gaba zai bukaci sanin haka. A yankinmu yawancin bayanin asibiti da Faransanci ake yin sa, wani lokaci da Fulatanci ko Larabcin Chadi, saboda haka idan ba kya jin harshen sosai, ki sa 'yarki ko ƙanwarki da ta yi makaranta ta tsaya kusa a lokacin sallama, kuma ta maimaita miki da Hausa a gaban likitan domin a tabbatar babu abin da ya ɓace a tsakani. Gyaɗa kai don kunya a wannan lokacin yana da tsada daga baya.

Shirin gida kuwa tun kafin a tafi asibiti ya kamata a yi shi. A zauna a raba ayyukan da kike yi ɗaya bayan ɗaya, a san wa zai ɗebo ruwa, wa zai yi daka da surfe, wa zai yi wanki, wa zai sauke tukunya daga murhu, wa zai ɗauki ƙaramin yaro idan ya yi kuka, kuma a yi wannan rabon na mako shida cur, ba na kwana bakwai ba. Ma'aunin da yawancin likitoci suke bayarwa shi ne kada ki ɗaga abin da ya wuce kilo 5 a cikin waɗannan makonni. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, wato jarkar nan mai lita 20 da muke ɗauka daga famfo ta ninka abin da aka yarje miki sau huɗu, bokitin wanka cike ya wuce iyaka, haka ma yaro ɗan shekara ɗaya. Buta cike da ruwa, kwanon abinci, ƙaramar tukunyar shayi, waɗannan su ne gwargwadonki. Jan guga daga rijiya da ɗaga taɓarya sun fi kowanne haɗari, domin a kowane jan da kowane bugu mace takan riƙe numfashi ta matse ciki, kuma duk wannan matsin kai tsaye yake sauka a kan ɗinkin.

Ba zan manta da wata goggona ba, wadda aka yi wa aikin bayan haihuwa tara. A kwana na goma sha ɗaya na shiga gidan da hantsi na tarar da ita a tsakar gida ta sunkuya a kan turmi tana gyara gero, taɓarya a jingine da kafaɗarta, matar ɗanta tana ɗaki tana shayar da jariri. Na ce mata, “Goggo, don Allah me ya fito da ke?” Ta ce, “'Yata, ina zaune ina kallon yarinya da ɗanyen goyo tana fama, ai sai a ce na zama sarauniya.” Wannan karar da ta hana ta zama ita ce babbar matsalar iyayenmu, kuma faɗa ba ya maganinta. Abin da ya yi aiki shi ne da muka ba ta aikin da za ta yi a zaune a kan kujera: tsince wake, yankan kuɓewa, gyaran zogale, jan carbi tana lura da yara. Ta ji tana da amfani a gidan, taɓaryar kuma ta koma hannun wasu. Idan ke ce mai tsayawa a kan mara lafiya, ki nema mata irin wannan aikin tun ranar farko, kuma ki sanar da uwar miji ko kishiya abin da likita ya ce a gaban maigida, domin kada hutun ya zama abin gori.

A kwana ɗaya ko biyu na farko za ki farka ki tarar da robar fitsari a jikinki, wataƙila kuma da ƙyallen asibiti da aka cusa a gaba don tsayar da jini. Akan cire ƙyallen washegari, robar ma yawanci ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu. Bayan an cire ta za a so a ga kin yi fitsari da kanki kuma mafitsara ta zube sosai, domin kumburin aikin yakan sa wasu mata su kasa, sai a mayar da robar na wasu kwanaki har ma a sallame su da ita. Wannan ba alamar aikin ya ɓaci ba ce. Idan an sallame ki da roba, ki riƙe jakar a ƙasa da ƙugu a kowane lokaci, kada ki bar bututun ya lanƙwashe, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a zubar da fitsarin da bayan an zubar.

Tashi ki taka tun ranar farko ko ta biyu yana cikin magani. Kwanciya wuni guda tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma gudan jinin yana iya tafiya huhu. Ki fara da zagaya ɗaki, sannan tsakar gida, minti biyar zuwa goma sau da yawa a rana, ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, da sanyin safiya da yamma. Wajen tashi daga gado ki juya gefe tukuna, ki sauke ƙafafu ƙasa, sannan ki dogara da hannu ki miƙe kina fitar da numfashi. Idan a tabarma ko katifa a ƙasa kika saba kwana, a nema miki gado ko a ɗaga shimfiɗar na waɗannan makonni, domin tashi daga ƙasa yunƙuri ne babba. Komawa gida kuma a yi ta da mota, ki sa matashi a ƙarƙashinki. Na san babur ɗin haya ya fi arha kuma shi ne abin hawan kowa a garuruwanmu, amma buɗe ƙafa da jijjigar ramukan hanya ba su dace da sabon ɗinki ba, kuma ya kamata ki ƙaurace masa har likita ya duba ki a mako na shida. Wadda ta zo daga ƙauye mai nisa, idan tana da dangi a gari, ta zauna a wurinsu kamar mako biyu kafin ta kama doguwar hanya, kuma a hanyar a riƙa tsayawa tana sauka tana miƙe ƙafa.

Zafin aikin yakan yi sauƙi sosai a cikin mako na farko zuwa na biyu. Farasitamol ya isa ga yawancin mata: giram ɗaya duk bayan awa shida, kada ya wuce giram huɗu a yini da dare ga babbar mace da ba ta da ciwon hanta. Idan an haɗa miki da ibuprofen ko diklofenak, ki sha bayan cin abinci, kuma ki gaya wa likita tun farko idan kina da gyambon ciki, ciwon ƙoda ko hawan jini. Tramol da ake sayarwa a bakin hanya kada ki kusance shi sai likita ne ya rubuta, domin ban da sabon da yake jawowa, yana busar da ciki, wanda shi ne abin da muke gudu. Wadda aka ɗaure wa saman farji a jijiyar ƙugu takan ji ciwo a ɗuwawu, galibi gefen dama, kuma yakan tafi da kansa a cikin makonni. Idan an ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki shanye shi har ƙarshe ko da kin ji garau.

Maganar bayan gida ita ce zan fi daɗewa a kanta, ko da yake ita ce wadda ba a son ɗagawa. Yunƙuri ɗaya mai ƙarfi a masai yana iya yi wa ɗinki ɓarnar da ɗaukar jarka za ta yi, musamman idan bangon baya aka gyara. Bayan aiki ciki yakan yi kwana biyu ko uku bai motsa ba saboda allurar barci da rashin ci da rashin motsi, kuma ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata da yawa tana ƙara taurara shi, tana kuma mayar da shi baƙi. Ki roƙi likita ya rubuta miki maganin laushin bayan gida, irin su laktulos, ki fara shan sa tun kafin cikin ya ɗaure, domin jira sai ya ɗaure shi ne kuskuren da aka fi yi. Ruwa kuma ki sha kamar lita biyu a rana, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa da Marwa da Njamena yake haura digiri 40, ki ƙara a kan haka. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne launin fitsari: idan ya yi ja ko rawaya mai duhu, ruwan bai isa ba. Wasu matan sukan rage shan ruwa da gangan don kada su riƙa zuwa fitsari saboda zafin da suke ji, wannan kuwa yana jawo ciwon mafitsara da taurin ciki a lokaci guda.

Abincin da ake bukata duk yana kasuwarmu, ba sai an nemi na kanti ba. Miyar kuɓewa, miyar kuka, karkashi, yakuwa, rama, zogale, wake, gwanda, mangwaro, kankana, dabino da kunun tsamiya duk suna sassauta ciki. Tuwon dawa ko gero da ba a cire dusarsa ƙarƙaf ba ya fi farar shinkafa da burodi da taliya amfani a wannan lokaci, kuma a yi shi da laushi, miya ta fi tuwo yawa. Nama, ƙwai, nono, gyaɗa da kifin Binuwai ko na Logon suna ba jiki abin da zai gina sabon nama da shi, saboda haka kada a hana mai jinya su da sunan wai suna sa rauni ya yi ruwa, wannan magana ba ta da tushe. Mai ciwon sukari ta kula da dabino da mangwaro da kunu mai zaƙi, domin sukarin da ya hau yana jinkirta warkewa yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Yadda ake zama ma yana da nasa tsari. Ki tafi da zarar kin ji bukata, kada ki riƙe don akwai baƙi a tsakar gida. Idan masan tsuguno ne a gidan, doguwar tsugunawa da miƙewa daga can ƙasa suna da wuya a makonnin farko, saboda haka a sa kafinta ya huda tsohuwar kujera a ɗora a kan ramin, ko a yi amfani da fo a ɗaki. Ki ɗora ƙafafu a kan bulo ko ƙaramar kujera yadda gwiwoyi za su ɗan fi ƙugu tsawo, ki karkata gaba ki dafa cinya, ki saki ciki, ki riƙa fitar da numfashi a hankali ta baki kamar mai hura kunu. Kada ki riƙe numfashi ki yi nishi. Za ki iya naɗe ƙyalle mai tsabta ki tallafe gabanki da shi da tafin hannu, yana rage tsoro da zafi. Idan minti biyar ya wuce babu abin da ya fito, ki tashi ki taka, ki sha ruwan ɗumi, ki sake gwadawa daga baya. Kwana uku ko huɗu babu bayan gida, ko ciki ya kumbura da amai, magana ce ta komawa asibiti, kuma kada a ɗura miki ko a cusa wani abu ta dubura ba da izinin likitan da ya yi aikin ba.

Jini kaɗan da ruwa mai launin ƙasa-ƙasa ko rawaya za su riƙa fita har mako huɗu zuwa shida, suna raguwa a hankali. Zaren da aka yi ɗinkin ciki da shi mai narkewa ne, kuma wajen mako na biyu zuwa na shida za ki iya ganin guntayensa a jikin auduga, wani lokaci da ɗan ƙarin jini. Kada ki ja zaren da ya leƙo. Ki yi amfani da audugar mata, ko ƙunzugu mai tsabta da aka wanke da sabulu aka shanya a rana, ki riƙa canzawa akai-akai. Tsarki ki yi shi da ruwa mai tsabta daga gaba zuwa baya, a waje kawai, sannan ki tsane da ƙyalle. Idan ruwan rijiya ko na kogi ake sha a gidan, a tafasa na tsarkinki a bar shi ya huce.

A nan dole in yi magana a fili kan abin da 'yan'uwa mata suke kawowa da kyakkyawar niyya. Babu abin da zai shiga gabanki har likita ya ce ɗinki ya warke: ba yatsa, ba bagaruwa, ba alif, ba kanwa, ba haɗin matsi, ba miski, ba turaren tsuguno. Waɗannan abubuwa suna ƙona sabon nama, suna busar da shi, suna kuma shigar da ƙwayoyin cuta inda zare yake. Haka kuma wannan jinya ba jego ba ce, saboda haka babu wankan tafasasshen ruwa da ganye, babu gashi, babu kwanciya a kan gadon wuta, babu zama a cikin baho sai idan likita ne ya umarta. Wanka na yau da kullum da ruwan ɗumi a tsaye ko a kan kujera ya wadatar, wani ya kai miki bokitin.

Salla ba ta faɗuwa, amma addini ya yi sauƙi a kan yadda za a yi ta. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya nuna cewa mara lafiya ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. A makonnin farko, idan sauka sujada da miƙewa suna ja miki ɗinki, ki yi a kan kujera da nuni. Hukuncin jinin da ke fita da yadda za ki yi alwala da shi ki tambayi malama ko malamin da kika amince da shi, ki bayyana masa cewa jinin rauni ne na aiki. Idan jinyar ta faɗo a watan azumi, Alƙur'ani ya ba mara lafiya damar ya sha ya rama daga baya, kuma wunin zafi babu ruwa shi ne hanya mafi kusa zuwa taurin ciki da ciwon mafitsara.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida, ko da tsakar dare ne, ko da kuɗin mota sai an ranta. Jinin da yake jiƙa auduga sharkaf cikin awa ɗaya yana maimaitawa, ko yake fita guda-guda manya; zazzaɓin da ya kai digiri 38; ruwa mai wari ko mugunya; ciwon mara da yake ƙaruwa maimakon raguwa; awa shida zuwa takwas babu fitsari alhali mara ta cika; kumburi da zafi a ƙwaurin ƙafa ɗaya; ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi; fitsari ko bayan gida da yake zubowa ta farji ba tare da kin sani ba. Zazzaɓi yana bukatar ƙarin bayani, domin a nan duk zafin jiki mukan ce na sauro ne, musamman da damina, sai a sayi magani a kanti a jira. Bayan aiki a je a auna jini a kuma duba ɗinkin, domin yana iya zama zazzaɓin sauro, yana iya zama rauni ne ya kama, yana kuma iya zama duka biyun. Ki kwana a gidan sauro tun ranar da kika dawo. Manyan asibitocin yanki a Garwa, Marwa da Ngaundere, da Asibitin Uwa da Yaro a Njamena, suna da sashen mata, amma wurin da aka yi miki aikin shi ya fi dacewa ki fara komawa idan yana kusa, da karne ɗinki a hannu.

Kwanciyar aure sai bayan mako shida, kuma bayan likita ya duba ya tabbatar an warke. Abin da na ga ya fi amfani shi ne a kira maigida ya ji wannan daga bakin likita tun kafin sallama, domin mace ba ta cika iya faɗa masa da kanta ba, kuma idan ta faɗa wani yakan ɗauka ƙi ne. Malam, idan kai ne kake karanta wa iyalinka wannan, haƙurin mako shida ya fi sauƙi a kan sake biyan kuɗin aiki da sake kwanciyarta a asibiti. Idan lokacin ya yi a fara a hankali, da man da likita ya yarda da shi idan akwai bushewa, a dakata idan akwai zafi ko jini. Matan da al'ada ta ɗauke musu wani lokaci akan rubuta musu man estirojin na shafawa a ciki don naman ya yi kauri, amma shi ma sai da umarni. Wadda aka cire wa mahaifa ba za ta ƙara ganin al'ada ko ɗaukar ciki ba, kuma hakan bai rage mata komai a zaman aure ba. Wadda aka bar wa mahaifa kuwa tana iya ɗaukar ciki, kuma ciki da haihuwa suna iya warware gyaran, saboda haka ta tattauna tazarar haihuwa da likita kafin a koma shimfiɗa, idan kuma cikin ya zo ta fara awo da wuri ta sanar da su aikin da aka yi mata, domin a tsara yadda za ta haihu.

Ɗinki ya ɗaga abin da ya sauko, amma ƙarfafa tsokokin aikinki ne. Motsin da ake yi don haka wani likitan mata na Amurka mai suna Arnold Kegel ne ya bayyana shi a 1948, kuma ba ya bukatar kuɗi ko kayan aiki. Bayan an cire robar fitsari kuma likita ya ba ki izini, ki kwanta rigingine ki lanƙwasa gwiwoyi, ki matse ƙasanki kamar mai riƙe tusa da fitsari a lokaci guda, ki ja shi sama zuwa ciki, ba tare da kin matse cinya ko ɗuwawu ko riƙe numfashi ba. Ki fara da daƙiƙa uku, ki saki gaba ɗaya na daƙiƙa uku, ki riƙa ƙarawa har ki kai daƙiƙa goma sau goma, sau uku a rana. Mata da yawa sun fi tunawa idan suka haɗa shi da bayan sallar asuba, azahar da isha'i. Kada ki mayar da tsayar da fitsari a tsakiya ya zama hanyar yin sa. Sai an yi kamar wata uku ana yi kafin a ji bambanci, kuma ki saba matse wurin kafin tari, atishawa ko ɗaga wani abu.

Bayan mako shida, idan dubawa ta yi kyau, za ki fara komawa aiki mataki-mataki: girki marar nauyi da shara da doguwar tsintsiya da farko, kasuwa da ƙaramin kaya daga baya, aikin gona da ɗibar ruwa da itace kuwa sai bayan wata uku. Mai aikin ofis ko koyarwa takan koma a mako na huɗu zuwa shida, mai talla ko mai suyar ƙosai da take wuni a kan ƙaramar kujera tana ɗaga kasko ta fi bukatar lokaci. Ko bayan wata ukun, gaskiyar magana ita ce naman da ya taɓa saki yana iya sake saki, kuma akwai matan da abin yake dawo musu bayan shekaru, wani lokaci ta bangon da ba a taɓa ba. Don haka ki raba jarka biyu maimakon ɗaukar ta cike, ki yi amfani da kura ko baro inda ya samu, ki kai hatsi injin niƙa, ki durƙusa da gwiwa ki jawo kaya jikinki kafin ki ɗaga. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi asibiti a bincika, ki rage zama cikin hayaƙin itace, ki rufe hanci saboda ƙurar hunturu, mai ƙiba kuma ta yi ƙoƙarin ragewa. Idan wata rana kika sake jin nauyi a ƙasa ko wani abu yana turowa da yamma bayan wunin tsayuwa, ki koma tun yana ƙarami, domin a wannan matakin sau da yawa motsin tsoka ko zoben roba da ake sakawa a ciki don tallafe mahaifa yana wadatarwa ba sai an sake aiki ba. Ki ajiye karne ɗin a inda ruwa da gara ba za su taɓa shi ba, kuma ki je dubawar mako shida ko da babu abin da yake miki ciwo.